Haƙurin da Ya Ci Hannu da Haƙurin da Ya Tsare Ƙafa

A ikilisiyarsu da ke wani ƙauye a kudancin Katsina, babba da yaro Gwaggo suke ce mata, don haka a wannan sunan za mu tsaya. Idan aka ba da zarafin shaida ranar Lahadi ta miƙe, takan ɗaga hannunta na dama tukuna kafin ta buɗe baki. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, sun gajarce, farce ɗaya ya koma ɗan tsiro kawai. Sannan ta nuna ƙafafunta cikin takalmi mai laushin ciki, lafiya lau, babu ko miki. Sai ta ce, "'Yan'uwa a cikin Ubangiji, hannun nan haƙuri ne ya ci shi. Ƙafar nan kuma haƙuri ne ya tsare ta." Baƙo kan ɗauka baƙar magana ce. Wanda ya san labarin jinyarta ta kuturta ya san zahiri take faɗa.

Abin ya fara ne da tabo ɗaya a bayan kafaɗa, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, ya ɗan fi sauran fatar haske. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, gumi ba ya tsatsowa a wurin. Ta ɗauka kyasfi ne. Uwar mijinta ce ta fara lura lokacin wankan jego na haihuwa ta biyu: ana watsa mata ruwan zafi da ganye, duk jiki yana tsuma, amma da ganyen ya sauka a kan tabon ko motsi ba ta yi ba. Tsohuwar ta tsaya da hannu a sama, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja zane ta rufe mata baya. "'Yata, kada kowa ya ga wannan. Ki yi haƙuri, Allah zai kawo sauƙi." Ba da mugunta ta faɗa ba. Tsoro ne, domin ta san abin da gari yake yi wa gidan da aka ce akwai kuturta.

Shekara huɗu Gwaggo tana wannan haƙurin. Ta sha sassaƙe, an yi mata tsaga, an hana ta kifi da nono da naman akuya. Duk wannan bai taɓa cutar ba, domin kuturta ba daga abinci take ba, ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ce, 'yar'uwar wadda take kawo tarin fuka, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Tana fita ta hanci da baki daga wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin a ɗauka. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta ba tare da sun sani ba. Wanda ta kama kuwa takan yi kwanton ɓauna wajen shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin alama ta fito. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba nama take ci ba. Jijiyoyin da suke kai saƙon ji take bi, musamman inda suka matso kusa da fata: a gwiwar hannu, a wuyan hannu, a gefen gwiwar ƙafa, a bayan idon sawu ta ciki, da kuma fuska. Idan ta gwiwar hannu ta lalace, ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa su mutu su lanƙwashe. Idan ta bayan idon sawu ce, tafin ƙafa ya daina ji, ya daina gumi, ya bushe.

Ranar da asiri ya tonu tana tuƙa tuwo ne. Ta dafa gefen tukunya da hannun dama tana juya muciya da hagu, ba ta san komai ba sai da ƙauri ya bugi hancinta. Ta duba, fata ta sale. A nan ne yatsun kutare suke tafiya: ƙuna a kan ƙuna, ƙaya da ba a ji ba, miki da aka ci gaba da aiki da shi har ƙwayoyin cuta suka kai ga ƙashi, ƙashin ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Zafin nan da muke gudu mai gadi ne da Allah ya sa a jiki. Gwaggo takan ce da za a sayar da zafi a kasuwa da ta sayar da akuyarta ta saya.

Abin da ya biyo baya ba sai an ja shi ba. Miji ya mayar da ita gidan mahaifinta, aka riƙe yaran biyu. Aka ware mata kwano da moɗa da tabarma. Wanda ya fi yi mata ciwo a majami'a ya faru. Bencin da take zama ya riƙa zama fili, kuma wani dattijo ya same ta bayan sujada ya ce, "'Yata, ki binciki zuciyarki. Akwai abin da ba ki tuba a kai ba?" Ta koma gida ta kwana tana lissafin zunubanta tun na ƙuruciya.

Wannan tambayar ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce, ko da yake tsohuwa ce a cikinsa. Ita abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka yi ta maimaitawa. Kwana bakwai na fari da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka ɗora masa laifi, a sura ta 42 Allah da kansa ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Almajiran Yesu ma sun yi irinta a Yahaya 9, kan mutumin da aka haifa makaho: shi ya yi zunubi ko iyayensa? Ubangiji ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Masu kafa hujja da Littafin Firistoci sura 13 da 14 kuma su sake karantawa a tsanake. Abin da aka kira kuturta a can yana kama tufafi har da bangon ɗaki, wato kalma ce da ta haɗa cututtukan fata iri-iri da fumfuna. Ba ta zama daidai da cutar da likitoci suke kira kuturta a yau ba.

Jinƙan Allah ya zo wa Gwaggo ta hannun matar sabon mai bishara, wadda ta taɓa aiki a ɗakin shan magani. Ta shiga har ɗakin da aka ware ta, ta zauna a kan tabarmar da kowa yake tsallakewa, ta ciro ɗan ƙullin auduga ta murza bakinsa ya yi tsini. Gwajin mai sauƙi ne, kowa zai iya koya. A fara taɓa lafiyayyar fata mutum yana kallo, a ce ya nuna wurin da yatsa. Sannan ya rufe ido, a riƙa taɓa cikin tabon da wajensa bi da bi. Idan yana jin waje ba ya jin ciki, to, a nufi asibiti. Kyasfi da makero ba sa kashe ji. Ta ƙirga tabo tara a jikin Gwaggo. Ta ce, "Yaya, wannan cutar tana da magani, kuma kyauta ne. Jibi kasuwa, akwai mota, tare za mu tafi."

Asibitocin kuturta na Arewa suna da tarihi mai tsawo da ikilisiya. Mishan na 'Yan'uwa sun buɗe na Garkida tun 1929. Wajen ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM suka karɓi aikin a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato, daga baya kuma aka buɗe Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Sunan Yadakunya kansa wa'azi ne: ya da kunya ka zo. A ɗaya daga irin waɗannan wuraren ne malamin asibiti ya karɓi hannun Gwaggo da hannunsa tsirara, ya lanƙwasa gwiwar, ya lalubo jijiyar da ta kumbura ta yi kauri kamar igiya, ya murza ta a hankali yana kallon fuskarta. Sai ta fashe da kuka. Ya tambaya, "Mama, da zafi ne?" Ta ce a'a, shekara biyu ke nan wani bai riƙe hannunta ba. Har gobe idan aka karanta Markus 1:40-42, inda kuturu ya durƙusa ya ce in Yesu ya yarda zai iya tsarkake shi, a kan kalma ɗaya take tsayawa. Da magana kaɗai Ubangiji zai iya warkar da shi, ya sha yin haka daga nesa. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi.

Maganin haɗin ƙwayoyi uku ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1981, bayan dafson, maganin da ake bayarwa shi kaɗai a da, ya fara gazawa saboda ƙwayar cutar ta saba da shi. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya. Yana zuwa a kati, kowane kati na kwana 28. Ga babba, ranar farko ta kowane kati ana shan rifamfisin miligiram 600 da kulofazimin miligiram 300 da dafson miligiram 100 a gaban ma'aikacin lafiya. Sauran kwanakin a gida, kulofazimin 50 da dafson 100 kowace rana. Yara nasu awon daban ne. Mai tabo ɗaya zuwa biyar kati shida ne, a gama cikin wata tara. Mai fiye da biyar kati goma sha biyu, a gama cikin wata goma sha takwas. A zamanin Gwaggo masu irin nata wata 24 suke sha, daga baya aka rage. Da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗa cutar, don haka ware kwano da tabarma ba shi da sauran dalili.

Mutane suna yanke magani ne saboda abubuwan da ba a gaya musu ba tun farko. Rifamfisin yana mayar da fitsari ja na ɗan lokaci, ba jini ba ne. Kulofazimin yana sa fata ta yi duhu ta bushe, mata da yawa suna tsoron wannan domin yana tona asiri, amma launin yana komawa bayan an gama. Wanda yake da haɗari shi ne idan a makonnin farko zazzaɓi ya zo tare da ƙuraje a duk jiki ko idanu suka yi shawara. Wannan jiki ne ya ƙi dafson, a tsayar a koma asibiti ranar, kada a kwana.

Gwaggo kuwa a wata na biyar ta gamu da jarrabawar da ta fi kowace. Tabon nan da suka lafa suka kumbura suka yi ja, gwiwar hannu ta riƙa suka kamar ana caka allura, ƙafar hagu ta fara ja da ƙasa. Dangi suka ce maganin Bature ya tayar da cutar, ta bari. A gaskiya garkuwar jiki ce ta tashi tana faɗa da gawarwakin ƙwayoyin cutar, faɗan kuma a cikin jijiya ake yinsa. Yana iya zuwa kafin magani, ko ana cikin sha, ko bayan an gama, kuma mata sun fi gamuwa da shi a watannin bayan haihuwa. Ba a tsayar da katin saboda shi. Ana ƙara firednisolon, maganin kwantar da kumburi, yawanci a fara da miligiram 40 a rana ga babba, a riƙa ragewa sannu a hankali cikin mako 12 ko fiye. Ba a sayensa a kemis a sha da ka, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Lokaci ne komai a nan: jijiyar da ba ta wuce wata shida da lalacewa ba ana iya ceto ta, wadda ta daɗe da wuya ta dawo. Ƙafar hagu ta dawo domin an kai ta cikin mako guda. Yatsun da suka shekara huɗu a ƙarƙashin zane ba su dawo ba.

Ta yi azumi a kan yatsun nan, Zumuntar Mata sun taya ta, Fasto ya ɗora hannu. Ba su miƙe ba. Ta yi fushi, kuma ba ta ɓoye wannan a shaidarta. Ta ce wata guda ba ta iya addu'a ba sai kuka. Wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa da yamma tana karanta mata Zabura ta 13 da ta 88, inda bayin Allah suke kai masa kukansu, don ta ji cewa kuka a gaban Uba ba rashin bangaskiya ba ne. Daga baya suka kai 2 Korantiyawa 12, inda Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. A nan ne ta fara gane cewa haƙurin da aka koya mata a bayan ɗaki da wanda manzanni suke wa'azinsa ba ɗaya ba ne. Na farko cewa yake yi rufe, yi shiru, jira. Na biyu, wanda Littafi yake kira jimiri, Yaƙub 5:7 ya kwatanta shi da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa noma ya san mai jiran ruwa ba a kwance yake ba. Ya yi sharar gona, ya kai taki, ya gyara iri, idonsa yana gabas. A aya ta 11 kuma aka ambaci jimirin Ayuba, aka rufe da cewa Ubangiji mai yawan tausayi ne, mai jinƙai. Ayuban nan kuwa bai yi shiru ba, ya yi ta kai ƙara gaban Allah sura bayan sura, abin da bai yi ba shi ne sakin Allah.

Jimirin Gwaggo a baho yake farawa. Magani ya kashe cutar tun tuni, amma tafin ƙafarta na dama ba zai sake ji ba har abada, don haka ido da hannu ne za su yi aikin da zafi ya bari. Kowace yamma takan zuba ruwa a baho, ruwan randa, ba mai zafi ba, domin ƙafar da ba ta ji ba ta san ruwa ya ƙona ta ba. Ba sabulu mai ƙarfi, ba kanwa. Ta jiƙa ƙafafu da hannuwa minti 20 zuwa 30, daidai tsawon waƙoƙin sujada huɗu ko biyar, da su take auna lokaci. Sannan ta ɗauki dutsen goge kaushi ta goge kanta da gefen faso a hankali. Ba reza, domin reza takan zarce ba a sani ba. Kanta mai tauri kamar tsakuwa ce a cikin takalmi, tana danne naman da ke ƙarƙashinta har ya mutu, gyambo ya ɓullo daga ciki. Tun fatar tana da danshi, kafin ta bushe, take shafa basilin ko man kaɗe, domin man ba ya jiƙa fata, ruwan da ya shiga yake tsarewa. Wanda ya shafa a busasshiyar ƙafa ya yi asarar mansa. Da man a hannu take miƙar da lanƙwasassun yatsun ɗaya bayan ɗaya, sau goma-goma, don kada gaɓoɓin su sandare.

Sai dubawa. Da ɗan madubi take kallon tafin ƙafa da tsakanin yatsu, tana neman ja, ko bororo, ko tsaga. Ta bi da bayan lafiyayyen hannunta tana neman inda ya fi ɗumi, domin wurin da ya yi ɗumi yau shi ne gyambon jibi idan aka ci gaba da taka shi. Kafin ta sa takalmi sai ta zazzage shi ta lalube ciki. Takalmin mai taurin ƙasa ne don ƙaya, mai laushin ciki, da maɗauri a dunduniya, babu ƙusa ko ɗaya. Silifas ba ya yi, yana sa yatsu su riƙa damƙa, kuma yana zamewa ba a sani ba. Ƙotar fartanya da ta lauje ta naɗe su da tsumma. Tukunya ba ta taɓa ta sai da tsumma mai kauri, kofin shayi na ƙarfe ta bar shi. Da sanyin hunturu ba ta matsawa kusa da wuta, kuma tana kwana cikin gidan sauro da ta cusa gefensa, domin ɓera yakan ci yatsan da ba ya ji mutum yana barci. Idanunta Allah ya tsare, amma tana koya wa waɗanda fatar idonsu ba ta rufuwa su riƙa runtsawa da gangan sau da yawa, su sa tabarau don ƙura, su rufe ido da tsabtataccen ƙyalle da dare.

Sau ɗaya ta yi sake. Da kaka ne, ana yankan dawa, ta yini tana kai da kawowa, da dare ta gaji ba ta duba ba. Kwana uku haka. A na huɗu kaluluwa ta fito mata a cinya, da ta juya ƙafar ta ga rami a ƙarƙashin babban yatsa. Gyambon tafin ƙafa ba shi da wani magani da ya wuce hutu. A wanke da ruwan gishiri, a rufe da tsabtataccen bandeji, a ɗaga ƙafar, kada a taka. Idan akwai wari, ko kumburi, ko zazzaɓi, sai asibiti. Matsalar ita ce ba ya zafi, don haka mai shi yana ganin zai iya zuwa rijiya ya dawo, kowane taku kuma yana yaga sabon naman da ya fara tsirowa. Mako shida ta yi a zaune da sanda a gefe, dawa tana gona. A nan ikilisiyar da ta taɓa ƙaurace wa bencinta ta biya bashi. Matan Zumunta suka raba kwanaki, mai kawo ruwa, mai daka, mai wanki. Matasa suka yi gayya suka shigo da amfanin. Dattijon nan da ya yi mata tambayar tuba shi ya kawo amalankensa, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya cire hula ya ce, "Gwaggo, na yi miki magana irin ta abokan Ayuba. Ki gafarce ni." Ta ce, "Baba, ya wuce. Shigo ka zauna."

Romawa 5 ta jera abin daki-daki: shan wuya yana haifar da jimiri, jimiri ya haifar da tabbataccen hali, shi kuma ya haifar da sa zuciya. Mai karatu da sauri zai ɗauka abu ne na dare ɗaya. A rayuwar Gwaggo baho ne sau dubbai, da ayar da ta fi so a Makoki 3:22-23, cewa jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Takan ce ba a ba ta na shekara a dunƙule ba, na yini ake ba ta, kamar yadda ƙafar ma ta yini ake dubawa. Mijin bai mayar da ita ba. Yaran sun dawo wurinta da ƙafarsu da suka yi wayo, an duba su, babu wanda ya ɗauka. Uwar mijin da ta rufe mata baya da zane, a hannun Gwaggo ta yi jinyar ajali.

Cutar ba ta ƙare ba. Najeriya ta sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 tun 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu ita fiye da dubu kowace shekara, a duniya kuma wajen 200,000. Maganin yana hannun jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, kuma a Saye kusa da Zariya akwai cibiyar ƙasa da ake horar da ma'aikatan. Duk wanda ya zauna gida ɗaya da mai cutar ya kamata a duba fatarsa, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba irin waɗannan rifamfisin sau ɗaya don rigakafi, daga ɗan shekara biyu zuwa sama, bayan an tabbatar ba su da kuturta ko tarin fuka. Lahadin ƙarshe ta Janairu ita ce ranar tunawa da masu cutar a duniya, kuma a ranar ce Fasto yakan ba Gwaggo bagade bayan wa'azi.

A bara, bayan irin wannan shaidar, wata yarinya da ba ta daɗe da aure ba ta jira har kowa ya watse, sannan ta biyo ta bayan majami'a. Ba ta ce komai ba, ta ɗan zame mayafi daga kafaɗa. Gwaggo ta kwance bakin zane ta ciro ƙullin audugar da ba ta rabuwa da shi, ta murza bakinsa da yatsunta uku masu lafiya, ta ce, "Rufe idonki, 'yata. Duk inda kika ji, ki nuna mini." Tabo biyu ne, duka ba sa ji. Washegari da sassafe su biyu suka tsaya a bakin titi suna jiran mota. Yarinyar ta shanye katinta shida cikin wata shida, yatsunta goma suna nan.